Ruwan rijiyoyin layinmu ya canza: sokawe ne ko damina?

Baban Halima:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, na ga gara in kawo ta nan, tunda nan ne mu na gida da ku da ke cikin Kaduna da Zariya muke haɗuwa. Tun da ruwan Agusta ya kankama ruwan rijiyar gidanmu ya canza. Gugan farko na safe yana da wani ɗan wari-wari, ba mai ƙarfi ba, amma duk wanda ya saba da ruwan zai ji. Na tambayi maƙwabta, wasu sun ce su ma haka. Yara kuma ga gudawa, wannan ya tashi wancan ya kwanta. Abin da na lura shi ne, a 'yan shekarun nan duk wanda Allah ya hore wa sai ya bar shaddar gargajiya ya yi banɗakin zamani da sokawe. Filayen kuma sun matse, ba kamar da ba da shadda take can ƙuryar gida bayan rumbuna. Na auna da ƙafata, daga bakin rijiyarmu zuwa sokawen da ke bayan katangarmu taku tara ne. Ban kawo maganar don in ɓata wa kowa ba. So nake waɗanda suka san abin su faɗa mana gaskiya: sokawe yana iya shiga rijiya, ko kuwa damina ce kawai?

Maman Abba:
Wa alaikumus salam. Yaya, Allah ya saka da alheri da ka fara. Mu mata mun daɗe muna wannan maganar a tsakaninmu, amma wa zai ji mu? Abba ya yi gudawa har idonsa ya faɗa, Inna ta ce haƙori ne. To yayarsa mai shekara shida ita ma haƙorin take fitarwa?

Alhaji Mai Bulo:
Malam, tunda ka ce bayan katangarku, kowa ya san ni ake nufi, don haka bari in yi magana da bakina. Sokawen nan da bulo mai inci tara na gina shi, ban yi ƙwauron siminti ba. Tun da aka yi shi ko sau ɗaya bai cika ba, bai taɓa yi wa kowa ambaliya a hanya ba. Kakanninmu sun sha rijiya ga shadda a cikin gida ɗaya, sun yi shekara tamanin tamanin. Gwamnati da kanta take ta shela a rediyo a daina bahaya a fili, kowa ya yi banɗaki. Mun yi. Yanzu kuma banɗakin ne ya zama laifi? Ruwan rijiya duk damina yana gurɓacewa, wannan ba sabon abu ba ne. A jefa alif ya kwanta.

Baban Halima:
Alhaji, wallahi ba kai kaɗai ba ne, kuma ban ambaci suna ba. Nawa banɗakin ma yana kallon rijiyar gidan Gwaggo. Shi ya sa na ce maganar ta kowa ce.

Injiniya:
Salamu alaikum. Alhaji, ranka ya daɗe, ka yi mini izini in ɗauki maganarka guda ɗaya, domin a cikinta amsar take. Ka ce sokawen bai taɓa cika ba. Gida mai mutum goma sha wani abu, kullum ana kora ruwa a banɗaki, ana wanka, shekara da shekaru, ramin bai cika ba. Ina ruwan yake tafiya? Ƙasa yake shiga. Aikin sokawe ke nan tun asali, an yi shi ne don ya tsiyaye cikin ƙasa.

Yadda tsarin yake a ƙa'ida, ramuka biyu ne. Na farko tanki ne da ake shafe shi da siminti ciki da ƙasa, ba ya yoyo ko kaɗan. A nan ƙazantar take kwantawa, mai nauyi ta nutse, mai maiƙo ta taso, ruwan tsakiya ya wuce rami na biyu, wato sokawe. Wannan ruwan da ya wuce ba mai tsabta ba ne, cike yake da ƙwayoyin cuta. Ana dogara ne da ƙasa ta tace shi, kamar yadda mata suke tace gasara a ƙyalle. Amma ƙasar da take iya wannan aikin ita ce busasshiya wadda ke sama da matakin ruwan ƙasa. Da zarar gindin ramin ya taɓa ruwan ƙasa, tacewa ta ragu ƙwarai, ƙazantar ta samu abin hawa. Sai ta bi gangaren ruwan, kuma kowace rijiya da ake ja tana jawo ruwan kewayenta zuwa kanta.

Shi ya sa ma'aunin da ma'aikatan ruwa da tsabta suke aiki da shi ya ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, gindin ramin kuma ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa a tsakiyar damina. Kuma rijiya ta kasance ta sama, masai ta gangare. Taku taran da Baban Halima ya auna bai wuce mita 7 ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin magina a wajenmu ba sa yin tankin farko yadda ya kamata. Mai gida zai ce a yi masa wanda ba zai cika ba, don kada ya biya motar kwasa, sai magini ya bar gindin a buɗe, ya bar ƙofofi a jikin bulo. Ka ga an samu shadda mai zurfi wadda kuma ake ɗura mata ruwa kullum. Shaddar kakanninmu da Alhaji ya ambata ba a kora mata ruwa bokiti-bokiti, buta ce kawai, ga gidajen da faɗi, ga mutanen ba su kai haka yawa ba.

Alhaji Mai Bulo:
Injiniya, na ji. Amma bayani ne a baki. Wa ya shiga ƙarƙashin ƙasa ya ga ruwan sokawena yana tafiya?

Kawu Mai Haƙar Rijiya:
Ni na shiga, Alhaji. Yaro ne yake rubuta mini, ni nake faɗa. Rabin rijiyoyin garin nan da hannuna na haƙa su ko na yashe su. Ƙasarmu in ka fara haƙa, jar ƙasa ce, sai marmara, sai ka faɗa wata ƙasa mai laushi wadda dutse ne ya ruɓe, a nan ruwa yake. Ƙarƙashinta dutse ne zalla. Marmarar nan da kuke gani da tauri, ramuka ne a jikinta, da damina za ka ga ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu daga gefe, tun ba ka kai idon rijiyar ba. A watan huɗu sai an saki igiya gaba shida ko bakwai kafin guga ya taɓa ruwa. Yanzu je ka leƙa, gaba biyu ne, a unguwar fadama ma da hannu mace take ɗiba. To sokawen da aka haƙa gaba biyu da rabi, a cikin me yake zaune yanzu?

Akwai kuma abin da ban ji wani ya faɗa ba. Rijiyoyin da suka ƙafe ko suka rufta, mutane suna ɗora musu sulab su mayar da su shadda, wai an huta da kuɗin haƙa. Na san gidaje a garin nan da aka yi haka. An sha kirana in yi wannan aikin, ina ƙi. Ramin da aka haƙa har idon ruwa, ka mayar da shi masai, ai kai tsaye ka zuba wa duk unguwar. Wannan ya fi sokawen Alhaji muni nesa ba kusa ba.

Maman Abba:
Innalillahi. Kawu, a cikin garin nan?

Kawu Mai Haƙar Rijiya:
A cikin garin nan, 'yata. Ba zan faɗi gida a nan ba. In Mai Unguwa ya kira ni zan faɗa masa.

Malam Na'ibi:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Akwai waɗanda suka same ni a masallaci suna cewa ai ruwa in bai canza launi ko ɗanɗano ko ƙanshi ba, mai tsarki ne, don haka maganar 'yan boko ce kawai. Ina so in raba abu biyu da ake haɗawa. Hukuncin da muka karanta a fiƙihu yana magana ne a kan ruwan da ya halatta a yi alwala da wanka da shi. Bai ce duk ruwan da ya halatta a yi alwala da shi ba ya cutar da mai sha ba. Ruwan teku ana alwala da shi, wa yake shan sa ya rayu? Sannan wanda Baban Halima ya kwatanta ma ai warinsa ya canza, in kuwa ta tabbata najasa ce ta canza shi, to ko alwalar ba ta inganta da shi. Wannan ya kamata ya tayar mana da hankali, domin rijiyar masallaci ma tana layin.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi gargaɗi a kan abubuwa uku masu jawo tsinuwa: yin bahaya a mashayar ruwa, da kan hanya, da inuwar da mutane suke hutawa. Kuma ya ce babu cuta babu cutarwa. Wanda ya gina sokawe bai sani ba, ba shi da laifin abin da ya wuce. Amma bayan an sani, haƙƙin maƙwabci ya hau kan kowa, ni ma har da ni, don gidana ma akwai sokawe.

Alhaji Mai Bulo:
Allah ya gafarta Malam, ban musa hadisi ba. Abin da nake cewa a tabbatar tukuna. Kada a ɗora mini ciwon yaran gari a kan zato.

Anti Nas:
Alhaji yana da gaskiya a nan, a gwada ruwan. Amma kafin sakamako ya fito yara ba za su daina sha ba, don haka ku bar ni in yi magana da iyaye mata.

Maman Abba, fitar haƙori ba ya sa yaro gudawar da za ta zuƙe shi. Abin da yake faruwa, lokacin ne yaro yake rarrafe, yana kai komai baki, kuma lokacin ne ake fara ba shi ruwa da koko. Duk damina abin da muke gani a asibitin karkara ke nan: gudawa, atini, zazzaɓin taifot, wani lokaci ciwon shawara. Akwai nau'in ciwon hanta da ake ɗauka ta ruwan da bahaya ya gurɓata, kuma ya fi yi wa masu juna biyu illa. Kwalara kuwa ba sai na tuna muku 2021 ba. A shekarar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a faɗin ƙasar nan, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki, har da Kaduna.

Alif da Alhaji ya ambata yana kwantar da laka, ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe ƙwayar cuta yadda za a dogara da shi. Ruwa yana iya yin fari tas alhali yana ɗauke da ciwo. Abin sha a tafasa shi har ya yi ɓararraka na minti ɗaya. Wanda ba shi da itacen, ya nemi maganin ruwa na kilorin irin WaterGuard ko Aquatabs, ya bi ma'aunin da ke jikin kwalin, ya jira minti 30 kafin a sha. In ruwan ya yi gurɓi sai a fara kwantar da shi a tace, sannan a sa maganin. Randa kuma a rufe ta, moɗa ɗaya mai mariƙi, kada kowane yaro ya tsoma hannu.

Yaro in ya fara gudawa, a fara ruwan gishiri da sukari nan take. In babu na leda, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A haɗa da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, kada a daina ba shi nono. In gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko yana amai ba ya riƙe komai, ko idonsa ya faɗa, ko akwai jini, a taho asibiti ko da tsakar dare ne.

Jarirai kuma 'yan ƙasa da wata 6, don Allah a bar su da nono zalla. Na san ana cewa yaro zai ji ƙishi, amma nono ya ishe shi ko a watan zafi.

Injiniya:
Ƙari a kan maganar jarirai. Ban da ƙwayoyin cuta, masai da takin zamani suna zuba wani sinadari a ruwan ƙasa da ake kira naitiret. Ba shi da launi, ba shi da wari. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Nijeriya duka ita ce kada ya wuce miligiram 50 a lita. In ya yi yawa yana hana jinin jariri ɗaukar iska, har leɓɓansa su yi shuɗi-shuɗi. Tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi tunda ruwan ne yake ƙonewa, kilorin ma ba ya taɓa shi. Mu kuma ga gonakin masara har bakin gidaje ana watsa yuriya. Don haka in za a yi gwaji a haɗa da shi.

Maman Abba:
Anti, mun gode. Amma ku dubi Allah ku dubi kuɗin itace da gawayi. Gida mai yara bakwai, a dafa abinci, a kuma dafa ruwan sha kullum? Mazan nan da suke ta muhawara, a ƙarshe mu za a ce mu tafasa, mu za mu kwana a asibiti da yaro a baya. Ni so nake a gyara tun daga tushe.

Anti Nas:
Gaskiyarki. Tafasawa ta wucin gadi ce. Akwai kuma hanyar rana: gorar roba fara tas, a cika da ruwan da ba shi da gurɓi, a kwantar a kan kwano awa 6 cikin rana mai ƙarfi. Sai dai da hadarin Agusta sai an bar ta kwana biyu, shi ya sa a wannan watan na fi ba da shawarar kilorin.

Baba Dubagari:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Na yi aikin dubagari har na yi ritaya, kuma abin da nake gani yanzu yana ba ni takaici. A da muna shiga gida-gida, mu leƙa randa, mu duba shadda, mu duba kwata. Mutum ba ya haƙa masai sai an nuna masa wuri. Mutane suna jin haushinmu, amma suna jin tsoronmu. Yau sashen lafiyar muhalli yana nan a kowace ƙaramar hukuma, amma ma'aikatan ba su da yawa, ƙauye irin namu sai annoba ta ɓarke ake ganin su.

To amma ku zo mu yi lissafi, domin a nan nake ganin an bar Alhaji shi kaɗai a rana ba bisa adalci ba. Fuloti cikakke ƙafa 50 ne a 100, wato wajen mita 15 a 30. Injiniya ya ce a bar mita 30. Ke nan sai ka sa rijiya a bakin ƙofar gida, sokawe a ƙarshen bango, sannan da ƙyar ka cika ma'aunin. To bayan wannan bangon fa? Fulotin wani ne, shi ma yana da rijiyarsa, wataƙila a daidai inda ka kai sokawenka. Yanzu ma dillalan filaye rabi suke yankawa, 50 a 50, wasu har kwata. Tun daga Rigasa har Rigachikun da Maraban Jos haka ake yi, ga shi ya iso mu. A irin wannan fili, babu dabarar da mutum ɗaya zai yi a cikin gidansa ya tsira. Kowane gida rijiya ɗaya sokawe ɗaya, lissafin ba ya fita, ko wane ne ya gina.

Shirin daina bahaya a fili da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a Nuwamban 2019 abu ne mai kyau, Jigawa ma ta kai gaci a 2022, kuma kada wani ya fahimci maganar nan a matsayin a koma jeji. Komawa jeji ya fi wannan muni, ruwan sama ɗaya zai kwaso komai ya kawo bakin rijiya. Abin da aka bari a baya shi ne an ce wa mutane su haƙa, ba a tsaya an nuna musu inda za su haƙa ba.

Alhaji Mai Bulo:
Yawwa Baba. Allah ya ƙara girma. Abin da nake ta so a gane ke nan. In na rushe nawa yau, na kai shi ina? Ɗaya bangon rijiyar gidan marayu ce.

Ɗan Mai Unguwa:
To ni a ganina mafita ɗaya ce, a nemi burtsatse. A rubuta wa kansila da ɗan majalisa, ko RUWASSA ta jiha, tunda aikinta ke nan, ruwa da tsabta a karkara. A yi mana tuƙa-tuƙa biyu ko mai sola ɗaya, kowa ya huta.

Injiniya:
Burtsatse ta fi rijiya tsaro, amma da sharaɗi. Ƙasar yankinmu dutse ne a ƙasa, ruwan burtsatse daga tsagogin dutsen yake fitowa, kuma a cikin tsaga ruwa yana gudu ba tare da wata tacewa ba. Abin da yake kare burtsatse shi ne simintin da ake ɗurawa tsakanin bututu da bangon ramin a mitocin sama, don ruwan sama-sama kada ya zurara ta jikin bututun. Masu haƙa da yawa suna tsallake wannan don ba a gani. In an samu aikin, sai a tsayar da mutum a kansu ranar ɗurin. Sannan wurin: a kai ta tudun gabas wajen makaranta inda gidaje ba su kai ba, a kuma shata mata fili wanda ba za a taɓa haƙa masai a cikinsa ba, a rubuta a sa hannu. In ba haka ba, shekara biyar gidaje za su kewaye ta mu dawo inda muke.

Maman Abba:
Tudun gabas? Injiniya, ka san nisan kuwa? 'Yan matanmu ne za su riƙa ɗauko jarka kafin makaranta.

Injiniya:
Na sani, Maman Abba. Shi ya sa mai sola da tanki a sama ta fi, a jawo bututu zuwa famfuna cikin gari. Ta fi tsada, kuma sai an riƙa karɓar wani abu a kowace jarka don gyara. Tuƙa-tuƙa nawa muka gani a ƙauyukan Igabi da Giwa sun mutu saboda roba ɗaya ta lalace babu mai saye?

Kawu Mai Haƙar Rijiya:
Ku dai kada ku yar da rijiya. Ranar da injin ya tsaya ita za ku dawo wa. Ko ba a sha ba a yi wanki a ba dabbobi. Kuma da yawa gyara suke so. Wata ba ta da baki, daidai take da ƙasa, ruwan kwata yana komawa ciki. A ɗaga bakin ya kai ƙugu, a zuba daɓen siminti kewaye da gangare, a ja lambatu ya tafi nesa. Kwalbatocin sama a liƙe tsakaninsu da siminti, kamar gaba biyu. A sa murfi. Guga ɗaya, a rataye shi, ba kowa ya zo da nasa daga gindin turken awaki ba. Igiyar da take kwana a cikin taɓo ita ma tana kai nata. Kuma ina roƙo, kada wani yaro ya ce zai shiga yashe rijiya ko sokawe don an yi wannan maganar. Akwai iskar da take kashe mutum a ciki kafin ya yi ihu, mai shiga ceto shi ma ya bi shi. Kada kuma a saukar da injin fetur cikin rami.

Ɗalibar Samaru:
Salamu alaikum iyayena. Game da tabbatarwar da Baba Alhaji yake nema. Gwajin da ake yi shi ne neman ƙwayar E. coli, wadda a hanjin mutum da dabba take rayuwa. Ƙa'ida ita ce kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. In an same ta, bahaya ya shiga ruwan. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, akwai kuma ɗakunan gwaji a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), ana iya tuntuɓar su. Kwalbar ɗibar ruwan daga wurinsu ake karɓowa, ba gorar lemo ba, a sa a cikin ƙanƙara a kai cikin 'yan awoyi. Kuma yanzu ne lokacin, da ruwa ya taso. In aka bari sai rani sakamakon zai iya fitowa da kyau ya yaudare mu.

Sai dai gwajin zai nuna rijiya ta gurɓata ne, ba zai ce daga gidan wane ba. Shawarata a ɗibi rijiyoyi da dama: na layin Baban Halima, ta masallaci, ta unguwar fadama, da wata can tudu da babu masai kusa da ita, a kwatanta.

Abin nan ya taɓa faruwa a Landan a 1854. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen da kwalara ta yi kisa ya ga famfo ɗaya suke sha, ya sa aka cire hannun famfon. Daga baya aka tona aka tarar ramin masai na wani gida yana yoyo dab da rijiyar. Mutanen unguwar kuwa son ruwan famfon suke yi, har daga nesa ake aikowa a ɗiba.

Alhaji Mai Bulo:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Wannan na yarda da shi, a gwada da yawa ba tawa kaɗai ba. Ni zan biya kuɗin gwajin rijiya biyu. Amma ina da sharaɗi. In an zo gyara, a fara da masu shadda a tsohuwar rijiya da Kawu ya faɗa. Sannan duk mai sokawe a layin a yi masa hukunci ɗaya. Ba zan fasa nawa in bar na wasu ba.

Baban Halima:
Alhaji, ba wanda ya ce a fasa. Injiniya, akwai gyaran da ba sai an rushe ba?

Injiniya:
Akwai, amma sai na ga kowanne da idona. Wanda gindinsa yake buɗe, a kira mota ta kwashe, a zuba kankare a ƙasan, a shafe bangon, ya koma tanki na gaskiya. Ruwan da yake fita kuma, maimakon rami mai zurfi, a ja shi a kwance cikin doguwar hanya marar zurfi mai tsakuwa, ta ɓangaren da ya fi nisa da rijiyoyi, don ya tsaya a busasshiyar ƙasar sama. Inda babu fili sam, gidaje uku ko huɗu suna iya haɗa bututu zuwa wuri ɗaya. Unguwar fadama kuwa ramin ƙasa bai dace da ita ba ko kaɗan, sai masai ɗagagge mai rami biyu gajeru, ana amfani da ɗaya, in ya cika a rufe shi kamar shekara biyu a koma ɗayan. Ku sani tankin da aka liƙe zai riƙa cika, za a riƙa biyan kwasa. Kuma a bi motar a ga inda take juyewa, don wasu a rafi ko bakin gona suke saki. Ko an gyara duka, ruwan ƙasa ba ya wankewa a wata ɗaya, rijiyoyin da ke tsakiyar gidaje ni ba zan ce a koma shan su ba sai an sake gwaji a damina mai zuwa.

Baba Dubagari:
Tsofaffin rijiyoyin da aka mayar shadda kuma a kwashe, a cike da yumɓu a daddage, a rufe da kankare. Masu gidajen a taimaka musu su haƙa wani, don talauci ne ya kai yawancinsu. In aka kunyata su a bainar jama'a, ɓoyewa za su yi.

Ɗan Mai Unguwa:
Na karanta wa Baba Mai Unguwa duka. Ya ce ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidansa, kowane gida a turo mutum. Kawu ya zo tun kafin lokacin su gana su biyu. Ya ce daga yau kada wanda ya sake haƙa masai ko rijiya sai an zo an duba wurin. Ya kuma ce Malam Na'ibi ya yi wa Liman magana a taɓo batun a huɗuba.

Maman Abba:
Mu fa? In taron ƙofar gida ne maza kaɗai za su je. A ba Anti Nas lokaci a Islamiyyar matan aure ranar Asabar, ta zo da maganin ruwan ta nuna mana ma'aunin a jarka da randa, don yawancinmu ba ma iya karanta rubutun jikin kwalin.

Anti Nas:
Zan zo in sha Allah. Kowace ta taho da jarkar da take ɗibar ruwa da ita, don ma'aunin ta lita 20 daban da na ta lita 25.

Injiniya:
Ni sai Asabar da safe zan iso. Baban Halima, a samo mini igiya doguwa da yara biyu, za mu auna zurfin ruwa a kowace rijiya da nisanta da masai mafi kusa, na gidan da na maƙwabta. Alhaji, in ka amince da naka za mu fara, a ɗaga sulab ɗin mu ga ko an zuba kankare a gindin.

Alhaji Mai Bulo:
Ku zo. Zan sa a nemo maginin da ya yi aikin ya tsaya a wurin.